Baba Tukuna da Rufin Ɗakin Karatu

Har yanzu idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai na zabura. Wata biyu ke nan, amma kunnena bai manta ƙarar nan ba. Mahaifiyata ce ta ce in rubuta abin da ya faru, ko zai bar min kai in huta. Da na zauna da biro sai na ga labarin ba nawa ba ne, na Baba Tukuna ne.

Kafinta ne, ɗan shekara sittin da bakwai, gajere mai faɗin kafaɗa. Yatsu biyu na hannunsa na hagu guntaye ne. Injin yanka katako ya cinye kawunansu tun yana saurayi, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce masa kuɗin makaranta ya biya da su. Tabaransa da zare yake ɗaure shi ta ƙeya. Kullum akwai fensir a kunnensa, amma ban taɓa ganin ya yi rubutu da shi ba, sosa kai kawai yake yi. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ka ɗaga guduma, ya ce, "Tukuna." Ka jawo zarto, "Tukuna." Matarsa, wadda muke kira Mama, ta rantse mana cewa ko ranar da aka je masa da albishir ɗin haihuwar ɗansu na fari abin da ya fara faɗa ke nan, don yana tsakiyar ɗora ƙyaure.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya kawunsa ya kai shi shagonsa. Shekara biyu bai taɓa zarto ba. Aikinsa shi ne cire tsofaffin ƙusoshi daga katako, ya miƙar da su a kan dutse, ya zuba a gwangwani. Daga nan ya yi bencinan makaranta, ya yi akwatuna, ya yi tagogi, ya hau rufin gidaje ba adadi. Da aka fara yayin tagar ƙarfe da gilashi, abokan sana'arsa suka watse, wasu suka koma walda, wasu tuƙi. Shi ya tsaya a kan tsofaffin gine-ginen da kowa ke gudu.

"Sabon gini kowa zai iya da shi," in ji shi. "Tsoho kuwa jinyar kaka ce. Ba a yi mata tsawa, ba a fizgar ta."

A gidansa dai ƙofar kicin ta shekara shida tana jan ƙasa. Mama takan ce, "Ya gyara ƙofofin gari kaf, tawa sai na sa ƙafa na ɗaga ta. In na yi magana ya ce min me? Ku faɗa mana, ai kun sani."

Wata ƙungiya mai koya wa matasa gyaran tsofaffin gine-gine ce ta ɗora shi a kanmu mu shida. Biyar daga sakandare suka tsaya. Ni kaɗai ce mai digiri, a fannin gine-gine, na shekara biyu ina yawo da takardu a ambulan. Ranar farko na iso da kwamfuta a jaka da sabuwar hular kwano tana ƙyalli. Wani siririn saurayi da ake kira Rediyo, don bakinsa ba ya mutuwa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Jama'a a tashi tsaye, Anti Digiri ta iso. Anti, ƙusa da kwamfuta za ki cire ta ko da hannu?"

Sunan ya zauna. Ɗayar macen da ke cikinmu, Doguwa, ita ce ta matsa min wuri a benci.

Ginin da aka ba mu tsohon ɗakin karatu ne a bayan kasuwa, ya haura shekara casa'in. Zaure ne guda, dogo, da tagogi takwas. Rufinsa na yoyo, gara ta shiga katakonsa. Hukumar gari ta so ta rushe shi ta yi wurin ajiye motoci, sai tsofaffin da suka yi karatu a cikinsa suka yi ta sintiri suna roƙo. Aka ba su wata uku. An sa ranar da jami'in duba gine-gine zai zo. In ya tarar katakon rufi ya koma mazauninsa lafiya, gini ya tsira. In ba haka ba, zai shafa jan fenti a bango, katafila ta biyo baya.

Wata uku kacal, amma makon farko Baba ƙusoshi ya sa mu cirewa. Kowace safiya kuma sai mun zagaya ginin a bayansa, yana ƙwanƙwasa katako da guntayen yatsun nan, yana tambaya, "Wannan me ya ce?" Mai lafiya amonsa a cike yake. Wanda gara ta ci, kamar ka buga fankon gwangwani. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a dukan tsohon katako don ya shiga inda ya ƙi. Sannan idan kaya na sama, baki ɗaya ne ke magana. Kowace rana yana zaɓar mutum guda ya ce, "Yau kai ne mai baki." Shi zai ce a ja, shi zai ce a tsaya, sauran kowa shiru, har shi Baban. Ranar da ba Rediyo ne mai baki ba, sai ka ga kumatunsa sun kumbura kamar zai fashe.

Gumagumai ashirin da huɗu ne ke ɗauke da rufin, kowanne ya ratsa zauren daga bango zuwa bango, sai mutum huɗu da igiyoyi ke iya ɗaga shi. Kan kowane bango akwai wani dogon katako a kwance, wanda Baba ke kira matashi, don a kansa gumaguman ke ɗora kai. A jikin matashin an fafe gurbi ga kowane gungume. Muka sauke su duka don a yi musu maganin gara, a kuma gyara saman bango. Duk wanda ya sauko, Doguwa ta rubuta masa lamba da alli, ta hau ta rubuta irinta a gefen gurbinsa.

"Kowa da ɗakinsa," in ji Baba. "Da hannu aka sassaƙa su. Babu biyun da suka zo ɗaya."

Na ji shi, amma ban ɗauka ba. Na riga na auna su da tef, bambancin bai kai faɗin yatsa ba, na shigar da su kwamfuta a matsayin abu iri ɗaya.

Saura kwana tara jami'i ya zo, ranar Litinin, Baba ya kai Mama asibiti a duba mata ido. Ya bar min aiki guda: a shafa wa gumaguman magani. Na ɗauki gwangwanin maganin na karanta jikinsa tsaf. An rubuta cewa sai katako ya zama tas kafin a shafa. Na ce a kawo burushi da sabulu.

"Anti, lambobin fa?" in ji Doguwa.

"Suna cikin kwamfuta," na ce mata.

Muka dirje su, muka kwashe su daga inuwa zuwa rana, kowa ya ajiye nasa inda ya samu wuri. Da azahar suka bushe, jajaye, gwanin kyau, babu ko ɗigon alli. A nan ne na buɗe jaka na duba. Abin da ke kwamfutata jerin gurabe ne. Ba ta san wane itace ne wane ba.

Da na buɗe baki a lokacin, da abin ya tsaya nan. Sai na jira suka tafi cin abinci, na ɗauki alli na bi gumaguman ɗaya bayan ɗaya ina rubuta lambobi yadda suka zo min. Na ce wa kaina ai duk tsawonsu ɗaya.

Washegari Baba ya bugo ya ce zai makara, za su koma karɓar magani. Ya ce mu ɗora na ɗaya, ni ce mai baki. Muka ɗaura igiyoyi, na ce a ja, gungumen ya tashi. Kansa na gabas ya shiga. Na yamma ya tsaya a leɓen gurbi ya ƙi sauka. Muka juya shi, muka girgiza, ya ƙi. Na ce wa wanda ke kan tsani ya ɗauki guduma.

"Anti, ba a dukan tsoho fa," in ji Rediyo daga ƙasa, igiya a hannunsa.

"Ni ce mai baki. Buga."

A bugu na uku kan gabas ya yi tsalle ya fita daga gurbi. Igiyoyin sun riga sun saki, don duk mun ɗauka an gama. Na ga gungumen yana tahowa, kowa na ihu, ni kuwa mai bakin ko tari ban iya ba. Ya daki ƙasa, ginin duka ya amsa. Da ƙura ta lafa sai ga bokitin ruwanmu ya zama faranti, ga takalmin Rediyo ƙafa ɗaya a ƙarƙashin itacen. Shi kuma yana zaune can gefe a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana kallon yatsunsa. Bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi ƙarar tsorata ni.

A haka Baba ya shigo. Bai kalli gungumen ba. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana dafa kan kowa, yana ƙirgawa a hankali har shida. Ya durƙusa ya murza ƙafar Rediyo, ya sa shi ya taka. Sannan ya je wurin itacen, wanda kansa ɗaya ya tsage, ya daɗe yana duban lambar.

"Wannan ba hannun Doguwa ba ne. Ɗayanta da hula take rubuta shi."

Na faɗi komai a gaban kowa. Da na gama na cire hular kwanon na ajiye a benci, na ɗauki jakata.

"Tukuna," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "'Yata, wankin nan kuskure ne, kowa na yi. Ga nawa a hannuna ina yawo da shi. Amma allin nan na biyu, shi ne ya kusa kashe min yaro. Kin ji bambancin?"

"Na ji, Baba."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba."

Na juya wurin Rediyo, hawaye ya hana ni ganinsa sosai. Ya ce, "Ya wuce, Anti," a taƙaice, kamar wani ne ya ara masa baki.

Duk mun san lissafin. Gumagumai ashirin da huɗu, gurabe ashirin da huɗu, kwana takwas. In za a yi ta gwada kowanne a kowane gurbi, ko wata biyu ba za su isa ba. Doguwa ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Baba kuwa yana tsugune yana shafa lafiyayyen kan gungumen da babban yatsansa, kamar mai lallashin jaki. Can sai hannun ya tsaya. Ya ture tabaransa goshi, ya rufe ido, ya sake shafawa. Sai muka ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Digiri, ina burushin nan naki?"

Na ɗauka baƙar magana ce.

"Ɗauko shi, ki haɗo da sabulu. Hau sama ki wanke min matashi, gefen kowane gurbi. Lambobin Doguwa kuma in kika taɓa su, ni da ke ne."

Kafin in hau ya kama yatsana ya ɗora a kan itacen. Na ji tsagi a jiki, sirara, an yi su da ƙarfen sassaƙa: wani kamar ƙafar kaza, da layuka a gefensa. Ya ce kawunsa ya taɓa gaya masa cewa kafintocin da can ba sa barin aiki ba shaida, kowane gungume da alamarsa, gurbinsa ma da irinta. Ranar da muka sauke su ya duba bai gani ba, don hayaƙi da fenti da ƙurar shekara casa'in sun cike tsagin, idonsa kuma ba na da ba ne.

Na hau tsani. Na dirje gefen gurbi na ɗaya, sai ga layi guda. Na biyu, layi biyu. Ina isa na goma sha bakwai sai ga ƙafar kazar nan da layukanta, sak irin wadda na shafa a ƙasa.

"Baba, ga ta! Na sha bakwai ne!"

"To kin gani. Ɗakin wani kika tura shi, da guduma kuma." Ya gyara tabaransa. "Wankinki ne ya tono su. Amma kada ki yi murna da yawa, bokitina bai dawo ba."

Kafin la'asar mun haɗa goma sha tara da gurabensu, har da tsagaggen. Biyar suka rage, gara ta cinye daidai inda alamar take. Na tabbata Baba ya san amsar wasu, amma sai ya jawo benci ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Ni tsoho ne, na manta. A ina rufin nan yake yoyo?"

Doguwa ta tuna cewa saitin taga ta uku ne. Ta je ta juya gumaguman, ta samo mai tabon ruwa wanda sabulu bai fitar ba. Wani yana da ramin ƙugiya a ciki da baƙin da ya shige jikinsa, muka gane nan ake rataye fitila, tsakiyar zaure ke nan. Na uku Rediyo ne ya gano shi, da sawun sheƙar tsuntsaye a gefe, ya ce dole kusa da fasasshiyar taga yake.

"Ni fa da ma injiniya ne," ya ce, "kuɗin hular ne ban samu ba."

Da muka ji haka muka san ya dawo. Biyun ƙarshe gwada su muka yi a hankali. Baba ya ce in ɗaya ya ƙi, a sauke shi, a ba shi haƙuri, a kai shi ɗaya ɗakin. Haka kuwa aka yi.

Tsagaggen ne ya ci mana rai. Na ce a sayo sabo, Baba ya dube ni ta saman tabarau.

"In kakarki ta karye a hannu, sabuwa ake sayo miki?"

Ya yanke tsagaggen kan, ya samo tsohon itace irinsa, ya sa ni da Doguwa muka sassaƙa sabon kai da hannu. Sau uku yana mayar mana da shi. Sauran suna ɗora uku ko huɗu a rana, kowanne yana sauka a gurbinsa ba gardama, mu muna ƙasa muna fama, tafin hannuna duk ya yi bororo. Aka haɗa sabon kan da tsohon jiki, aka soke su da turakun katako. Ba mu gama ba sai yammacin jajibirin ranar.

Jami'in ya ce ƙarfe goma, sai ga shi tun takwas da rabi, da fayil a hammata. Na hango gwangwanin jan fenti a kujerar bayan motarsa. Ya shigo ya ɗaga kai yana ƙirgawa da biro.

"Baba, ashirin da uku nake gani."

"Ranka ya daɗe, ka yi sammako ne. Ga na ƙarshen nan, yanzu zai hau. A ba Yallaɓai kujera." Ya juyo. "Digiri, yau ke ce mai baki."

Tun ranar da gungumen ya faɗo bai sake ba ni bakin ba, ni ma ban so ba. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Baba, ba zan iya ba. Ka ba Doguwa."

"Ke kika sauke shi, ke za ki mayar da shi. Ina nan, amma ba zan ce uffan ba."

Rediyo ya kama igiyarsa. "Anti, ki ja mu kawai. Sai dai takalmin yau aro ne, ki duba min shi."

Aka yi dariya, har jami'in, duk da bai san zancen ba. Sannan wuri ya yi tsit. Na ce a ja. Muryar ta fito siririya, na sake faɗa da ƙarfi. Gungumen ya tashi yana lilo kaɗan. Na ce a tsaya, aka tsaya, na jira ya natsu. Na ce gabas ya sauka, ya sauka. Na ce kowa ya riƙe igiyarsa tam, kada wanda ya saki sai na faɗa. Sabon kan ya zo saitin gurbin yamma ya tsaya a leɓe, daidai yadda ya yi rannan. Na kalli Baba, yana can yana sosa kai da fensir, yana kallon taga.

"A ɗaga yamma kaɗan," na ce. "Doguwa, tura shi wajenki faɗin yatsa. Yanzu a sassauta. A hankali."

Ya zame ya zauna, da wani amo mai nauyi, a cike, irin na lafiyayyen katako.

Jami'in ya hau tsani da kansa. Ya duba gurabe, ya duba mahaɗin sabon kan, ya sa farce bai samu inda zai shiga ba. Sai ya zaro 'yar guduma daga aljihu ya ɗaga.

"Tukuna!" Mu shida muka faɗa a tare, ba wanda ya shirya.

Ya tsaya da guduma a sama yana kallonmu. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi musu haƙuri, rashin tarbiyya ne. Amma in da hali, da yatsa ake tambayarsa." Mutumin ya mayar da gudumar aljihu, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne. Ya bi gumagumai shida haka, sannan ya sauko ya ɗora fayil a kan benci ya sa hannu. Fentin bai fito daga mota ba.

Da ya tafi Baba ya miƙo min ƙarfen sassaƙa ya nuna tsani. Ya ce sabon kan ba shi da shaida, in hau in yi masa tasa ƙafar kazar, in yi wa gurbinsa, don wanda zai zo bayan shekara casa'in kada ya sha wahalar da muka sha. Na hau na fara, layin farko ya karkace. Na ce zan gyara, ya ce in bar shi, ai na mutanen da ma ba duka ne suka miƙe ba.

An rufa kwano a makon da ya biyo, yanzu muna kan tagogi. Jiya Mama ta kawo mana abinci, ta tsaya a tsakiyar zauren da sabon tabaranta tana kallon sama.

"Kai, ya yi kyau. Malam, to ƙofata fa?"

Baba ya buɗe baki, Rediyo ya riga shi.

"Mama, ranar Asabar muna nan tafe mu shida. Ke ce mai baki."